Daga Gada Biyu Zuwa Bakin Binuwai: Inda Waya Ta Kan Yi Shiru

Gada Biyu unguwa ce a cikin birnin Jos, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, tana maƙwabtaka da Kabong, ta nan ne kuma a ke hawa hanyar Rukuba inda barikin soja ya ke. Sunanta ya nuna asalinta, watau gadojin da aka ɗora a kan rafin da ya ratsa wurin. A zamanin mulkin Gwamna Jonah Jang an ƙara mata gadar sama domin a rage cunkoson motoci. Wuri ne na hada-hada tun daga asuba: ga tashar mota inda a ke lodin fasinja zuwa garuruwa na nesa, ga masu dankali da kabeji da tumatir, ga 'yan kamasho suna kiran sunayen garuruwa, ga kuma masu rumfunan cajin waya da masu sayar da kati. Da wuya mutum ya ɗaga kai a nan bai hangi ƙarfen sabis a kan wani tudu ba.

Duk wanda ya tsaya a bakin tashar na ɗan lokaci zai ji kalma ɗaya tana ta maimaituwa a bakin masu rakiya. Uwa ta ce wa ɗanta, "Ɗan nan, in ka sauka ka kira." Shi kuma ya amsa, "To Inna, in Allah ya so." Wannan alkawari mai sauƙi ne ga wanda ya nufi Abuja ko Kaduna. Amma a cikin matafiyan da ke barin Jos akwai waɗanda tafiyarsu ba a kan kwalta ta ke ƙarewa ba. Akwai fataken busasshen kifi, da masu sarin doya da shinkafa, da 'yan ci-rani, da ɗalibai masu nazarin tsuntsaye da namun daji, da masu yawon buɗe ido. Waɗannan mota ta kan sauke su ne a bakin ruwa, daga nan sai kwale-kwale. A gare su cika wancan alkawari yana buƙatar shiri, shirin kuwa tun daga kan dutse a ke fara shi.

RUWAN DA KE GANGAROWA DAGA JOS

Birnin Jos yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga saman teku. Ruwan saman da ya sauka a wannan tudu ya kan rabu ya kama hanyoyi daban-daban. Kogin Dilimi ya nufi arewa maso gabas, ya zama kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗejiya, su zama kogin Yobe wanda ya ke zuba a Tafkin Chadi. Kogin Kaduna ya taso daga wajejen Vom, ya yi yamma har ya faɗa kogin Kwara daura da Patigi. Gongola ta fito daga gabashin tudun, ta yi zagaye mai nisa kafin ta sadu da Binuwai a Numan. Sa'an nan ga Mada da Dep da Shemankar da kogin Wase, waɗanda suka gangara kudu kai tsaye zuwa Binuwai.

Abin mamaki shi ne ƙasar da ta haifi waɗannan koguna duka ba ƙasar kwale-kwale ba ce. Rafukan kan dutse ƙanana ne, cike da duwatsu, su kan yi ambaliya bayan ruwan sama su janye cikin 'yan sa'o'i, a gefen tudun kuma sai su faɗa ƙasa da ƙarfi, kamar yadda a ke gani a Assop da Kura. Rafin Gada Biyu ba zai ɗauki jirgi ba ko da tsakiyar damina. Wanda ke son shiga kwale-kwale na sosai dole ne ya bi ruwan nan ya gangara tare da shi.

Wannan gangara tsohuwar hanya ce. Sa'ad da Turawan Kamfanin Neja suka fara haƙar kuza a ƙasar Jos a farkon ƙarni na 20, babu jirgin ƙasa, babu hanyar mota. 'Yan dako ne ke ɗaukar kuzar a ka, su yi kwana da kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai, inda a ke loda ta cikin jiragen ruwa. Sai cikin 1914 ne ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos, babban layi kuma daga Kafanchan ya iso cikin 1927. Tun a wancan zamani masu mulki sun gane kogi ba ya amfanuwa sosai in babu hanyar aika labari a gefensa. Shi ya sa cikin 1900 Turawa suka shiga kafa wayar tangarahu daga Lokoja zuwa Ibi, aikin da ya jawo faɗa tsakaninsu da Tibi, waɗanda ba su yarda a ratsa ƙasarsu da turaku ba. Amma wayar nan ta Razdan ce da kamfani. Talaka matafiyi abin da ya ke da shi shi ne sallahu: ya gaya wa wani mai komawa gida, wannan ya gaya wa wani, har maganar ta kai.

Haka aka daɗe ana yi. Har ƙarshen ƙarni na 20 layukan tarho a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, yawancinsu kuma a manyan birane su ke. Cikin watan Agusta na 2001 ne kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula, Glo ya biyo baya cikin 2003. Cikin 'yan shekaru waya ta shiga aljihun mai turin baro da mai tallar gyaɗa. Tare da wannan alheri sai wata ɗabi'a ta shigo, watau mutane suka rage yin cikakkiyar sallama. Mutum ya kan fita bai faɗi inda za shi ba, bai faɗi ranar komowa ba, domin a ganinsa ai in an neme shi za a same shi.

SAUKA DAGA KAN DUTSE

Wanda ya tashi daga Gada Biyu ya nufi Ibi sai ya ratsa gari ya bi ta Bukuru, ya wuce Mangu, daga nan ko dai ya bi ta Panyam ya sauka Shendam, ko ya zaga ta Pankshin da Langtang. Kowace ya bi, akwai inda mota za ta fara gangara tana lanƙwasa a tsakanin duwatsu, sanyin Jos ya yi baya, zafi ya tare shi. Gonakin dankalin Turawa da acca su ba da wuri ga doya da shinkafa da giginya. A wannan gangara ne matafiyi ya kan fara lura da cewa 'yan layukan da ke saman fuskar wayarsa suna raguwa, su dawo in an shiga gari, su sake ɓacewa in an fita.

Dalilin ba boyayye ba ne. Wayar salula ƙaramar rediyo ce mai magana da ƙarfen sabis mafi kusa, muryarta kuma ba ta ratsa dutse, ba ta kuma lanƙwasa ta bi bayan tudu yadda ya kamata. A tsarin GSM na asali iyakar nisan da waya za ta yi magana da ƙarfe ɗaya kilomita 35 ne, amma a zahiri da wuya a kai ko kusa da haka, sai a fili fetal. Daɗin daɗawa, kamfani ba ya kafa ƙarfe sai inda ya ga jama'a da za su sayi kati, domin kowane ƙarfe yana cin man janareto da kuɗin mai gadi. Saboda haka ƙarafan sun bi garuruwa da manyan hanyoyi. Kogi kuwa a kullum wuri mafi ƙasa ya ke bi, ga gaɓa mai tsawo, ga kurmi a gefe, ga matafiyi zaune a cikin kwale-kwale kansa bai fi kamu biyu daga saman ruwa ba. Watau duk abin da ya sa sabis ya wadata a kan tudun Jos, kishiyarsa a ke samu a cikin kwarin kogi.

Yamma da Shendam, a kan hanyar Lafiya, akwai gandun namun daji na Pandam a Ƙaramar Hukumar Qua'an Pan, wanda aka keɓe cikin 1972. A tsakiyarsa akwai tafki da kurmi ya kewaye, sananne da dorinar ruwa da ayu da tsuntsaye iri-iri. Wanda ya shiga kwale-kwale a irin wannan ruwa ya kamata ya san da zarar an yi kwana ɗaya an ɓace wa ganin mutanen gaɓa, abin dogaronsa bayan Allah shi ne matuƙin da ya san inda dorina ke kwanciya da 'ya'yanta, da kuma ma'aikacin da ya ga shigarsa ya ke kuma duban agogo.

A KWATAR IBI

Daga Shendam hanya ta miƙe kudu har bakin Binuwai, inda a ke hangen garin Ibi a ɗaya gaɓar, cikin Jihar Taraba. A nan tsawon ƙasa daga saman teku kimanin mita 100 ne kawai, watau matafiyi ya sauko fiye da mita 1,000 daga inda ya yi sallama da danginsa. Ibi tsohon gari ne na fito da fatauci. Kamfanin Neja ya yi sansani a cikinsa, ya taɓa zama hedkwatar Lardin Muri, an kuma san shi da bikin kamun kifi na Nwonyo. A kwata za a ga jirage iri-iri: ƙananan kwale-kwale na sassaƙen itace waɗanda a ke tuƙawa da filafili ko gora, da dogayen jiragen katako masu inji waɗanda ke ɗaukar mutane da buhuna da babura, har da awaki.

A gari kamar Ibi waya tana aiki, har ma a tsakiyar kogi daura da gari a kan sami sabis mai kyau, domin shimfiɗaɗɗen ruwa ba ya tare komai. Wahala tana farawa ne in jirgi ya yi nisa, ya shiga tsakanin tsibirai da fadamu, ya nufi tungayen masunta. Tunga ƙaramin zango ne na bukkoki a bakin ruwa ko a kan yashi, inda Jukunawa da Hausawa da Nufawa da sauran masu sana'ar su ke zama su kama kifi su banda shi. Wasu tungayen ma da rani kaɗai a ke zamansu, in ruwa ya taso a tashi. Ba kamfanin da zai kafa ƙarfe a garin da ke tashi kowace shekara. A irin waɗannan wurare mutane su kan san wata bishiya ko wani tudu inda sabis ke ɗan leƙowa, har a kan rataye wayoyi a reshe a bar su su jira saƙo. Baƙo mai hankali ya kan tambayi inda wannan wuri ya ke tun ranar da ya sauka.

Waɗanda suka saba da tafiyar ruwa suna da dabarunsu, kuma duk suna da tushe. Su kan ɗaure waya cikin leda biyu su sa ta a jiki, ba cikin jaka ba, domin in jirgi ya kife jaka ce ke fara tafiya. Su kan riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, saboda inda wannan ya gaza wancan ya kan kama. Su kan kashe wayar in an shiga inda babu sabis, domin wayar da ke laluben ƙarfe tana ƙara ƙarfin muryarta, ta cinye batir cikin ɗan lokaci. Sun fi amincewa da ƙaramar waya mai madannai, wadda cajinta ke kai kwanaki. Sun kuma san gajeren saƙo na rubutu ya kan sulale ya wuce a inda kira ba zai shiga ba, tun da ɗan ƙanƙanin lokaci ya ke buƙata. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: babbar waya tana iya nuna wa mai ita inda ya ke ko da babu sabis, domin daga taurarin ɗan'adam na GPS ta ke karɓar wannan bayani. Sai dai sanin inda ka ke daban, iya gaya wa wani daban.

ABIN DA KE CIKIN LAMARIN

Wannan magana ba ta jin daɗin hira da dangi ba ce kaɗai, magana ce ta rai. Ran 26 ga watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tashi daga Jihar Neja ya nufi Wara a Jihar Kebbi, ya nutse a kogin Kwara, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba. Cikin watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 'yan biki suka rasu a yankin Patigi, jirginsu ya kife da tsakar dare lokacin da mutanen gaɓa ke barci. Cikin watan Oktoba na shekarar kuma Binuwai ya ci 'yan kasuwa da dama a Jihar Taraba. Musabbabin irin waɗannan haɗura sanannu ne: lodi fiye da kima, tsufan jirgi, kututture a ƙarƙashin ruwa, tafiyar dare, da rashin rigar ruwa. Waya ba ta hana jirgi kifewa. Amma bayan ya kife, tsakanin wanda ya rungumi jarka ya tsira da wanda hannunsa ya gaji ya saki, sau da yawa bambancin shi ne saurin da labari ya kai gaɓa. Bayan haka kuma a kan yi kwanaki ana gardamar mutum nawa ne a ciki, domin ba wanda ya rubuta sunayensu.

Akwai kuma labarin da ya kamata ya zo wa mai jirgi daga tudu. Madatsar ruwa ta Lagdo a ƙasar Kamaru, wadda aka gama cikin 1982, tana kan Binuwai ne, in an saki ruwanta a ƙarshen damina ya kan haɗu da na sama ya taso da kogin, kamar yadda aka gani a manyan ambaliyun 2012 da 2022. Gargaɗin hukuma ba ya amfanar mutumin tunga in bai kai kunnensa ba. A nan ƙaramar rediyo mai batir ta fi waya, domin muryar gidan rediyo tana kaiwa inda ƙarfen sabis bai kai ba.

Sabis kuma yana iya ɗaukewa ko a inda aka saba samunsa. Ɓarayi su kan sace batir da man ƙarfe, ambaliya ta kan cinye shi. Hukuma ma da kanta ta taɓa rufe shi saboda tsaro: cikin watan Mayu na 2013 a Borno da Yobe da Adamawa, cikin watan Satumba na 2021 kuma a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, kafin daga baya a mayar. A waɗancan watanni mutane sun koma ba direbobi wasiƙa da sallahu kamar yadda kakanninsu suka yi.

Mai hali yana iya sayen wayar da ke magana da tauraron ɗan'adam kai tsaye. Thuraya, ta wani kamfani na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sananniya ce ga direbobin da ke keta Sahara daga Agadas, taurarinta suna can kimanin kilomita 36,000 a sama. Iridium kuwa tana aiki da taurari 66 da ke zagaya duniya a nisan kilomita 780. Akwai kuma 'yar na'urar neman agaji ta tsarin Cospas-Sarsat, wanda ya fara ceton rayuka cikin 1982, Nijeriya ma tana da cibiyarsa a hannun Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa a Abuja. Amma waɗannan kaya suna da tsada, ba su dace da aljihun mai fataucin kifi ba. A wuraren da a ke fama da 'yan bindiga kuma ganin irin wannan waya a hannun mutum yana iya jawo masa tuhuma, tun da soja sun taɓa haramta Thuraya a Borno cikin 2013. Wanda zai riƙe ta ya kyautu ya sanar da jami'an tsaron yankin.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

A Jihar Minnesota ta Amurka akwai wani daji mai suna Boundary Waters, faɗinsa ya haura eka miliyan 1, tafkunansa sun fi 1,000, mutane su kan yi mako guda a ciki suna tuƙa kwale-kwale don nishaɗi. Duk da arzikin ƙasar, yawancin dajin babu sabis. Shawarar da a ke ba mai shiga ita ce ya rubuta hanyar da zai bi da ranar da zai fito, ya bar takardar a hannun wani amintacce wanda zai kai ƙara in ranar ta wuce. Mai karatu zai ga wannan ba baƙon abu ba ne. Shi ne sallamar da Bahaushe ya gada, wadda zuwan salula ya sa aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Saboda haka wanda zai bar Jos ya nufi ruwa, tun yana inda sabis ya wadata ya zaɓi mutum ɗaya, ba goma ba, domin abin da aka ɗora wa kowa ba a ɗora wa kowa ba. Ya gaya masa sunan kwatar da zai shiga jirgi, da tungar da zai sauka, da ranar da za a ji muryarsa. Ya kuma yanke masa wa'adi: in rana kaza ta faɗi ba a ji shi ba, a nemi wane. In ya isa kwata ya aiko da sunan mai jirgin da lambar wani mazaunin wurin, musamman Sarkin Ruwa ko shugaban masu jirage, domin su ne ke fara fita neman mutum, ba wani daga birni ba. Ya rubuta muhimman lambobi a takarda ya ɗaure cikin leda, har da 112, lambar neman agaji ta ƙasa wadda a ke kira kyauta. In kuma ya sake shawara a hanya, ya ba wani jirgi mai komawa sallahu. Wanda aka bari a gida shi ma zai sami natsuwa, domin ya san shirun kwana biyu ba abin tashin hankali ba ne, na kwana uku kuwa abin tashi tsaye ne.

Sauran aiki na hukuma ne. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1997 da hedkwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Ya kamata a haɗa wannan da littafi a kowace kwata, inda za a rubuta sunan jirgi da na fasinja da lokacin tashi, kamar yadda a ke yi a tashoshin mota masu tsari. Ya kamata kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta dubi manyan mashigai da kasuwannin bakin kogi in ana rabon ƙarafan karkara, ba yawan gidaje kaɗai ba, domin kwatar da ba ta da gida 50 tana iya ganin mutum dubu ran kasuwa. Littafi da biro ba su kai kuɗin buhun kifi ɗaya ba, ƙungiyoyin masu jirage suna iya fara wannan gobe ba tare da sun jira kowa ba. Allah ya kiyaye matafiya na tudu da na ruwa, amin.